Gargaɗi ga masu sayen lens ɗin ido a Instagram

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman amare da ƙawayen amare. Na daɗe ina son rubuta wannan, ƙanwata ce ta hana, sai yanzu ta yarda da sharaɗin kada in ambaci sunanta. Sunan shafin matar da ta sayar mata da lens (ɗan faifan roba da ake ɗorawa a kan baƙin ido) ma ba zan kawo ba, don tun da abin ya faru sau biyu tana canja shi. Yadda take aikinta nake so ku gane, saboda irinta suna da yawa a Kano.

Bikin ƙawar ƙanwata ne ya taso, ƙawayen amarya suka yanke shawarar kowacce ta sa lens mai launin toka ranar dina. Mai kwalliyarsu ce ta tura musu shafin. Na duba shi da kaina daga baya: hotunan idanu masu kyau, bidiyon kwalaye a jere, da saƙonnin yabo na "kwastomomi" waɗanda duk salon rubutunsu iri ɗaya ne. Matar ta ce kayanta daga Koriya suke zuwa, shekara guda ake yi ana sa su, kuma girmansu ɗaya, kowane ido yana shiga. Ta haɗa musu da 'yar kwalbar ruwan wanki kyauta. Suka tura kuɗi, mai adaidaita sahu ya kawo a leda.

Ranar dina ƙanwata ta sa tun la'asar. Suka dawo bayan sha biyun dare, gajiya ta kwashe ta, ta yi barci da abin a idonta. Da asuba ta cire da kyar. Idon hagu ya yi jajur, hawaye na zuba, tana cewa kamar an watsa mata yashi. Duk gidan muka ce Apolo ce, har da ni. Aka aiki yaro kemis ya karɓo maganin ɗigawa. Wuni guda ta ɗan ji sauƙi, kashegari kuma ko hasken waya ba ta iya kallo, ta ƙule a ɗaki ta sa an sauke labule. Da na ɗaga fatar idon da yatsa, sai na ga ɗigon fari a kan baƙin, bai kai ƙwayar gero ba. Gabana ya faɗi.

A asibitin ido likita bai ɓoye mana ba: gyambo ne a tantanin da ke rufe baƙin ido, ƙwayoyin cuta ne suka ci wurin. Ya karɓi maganin kemis ɗin ya karanta, ya ajiye shi gefe. Ashe akwai sinadarin rage kumburi a ciki, irin wanda ke kwantar da jan ido amma ya karya garkuwar wurin, cutar ta samu sarari ta yi ta ci. Wato sauƙin da muka yi murna da shi, shi ne ɓarnar. Aka ɗora ta a kan magani, ɗigo kowace awa, dare da rana. Ni da Umma muka raba dare, muna tashinta da ƙararrawar waya.

Likitan ne ya ce mu kawo kwalbar da lens ɗin ya zo ciki. Da na koma gida na ɗauko, sai na lura takardar da ke ɗauke da ranar lalacewa ta ɗan ɗago a gefe. Na sa farce na ɓare. Akwai wata a ƙasa, ta ainihi, ranar da ke jiki ta wuce da fiye da shekara biyu. Murfin ƙarfen da ya kamata ya kama bakin kwalbar gam kuwa juyawa yake yi a hannu, alamar an taɓa buɗe shi an mayar. Kwalbar ruwan wankin ba sunan kamfani, ba lambar rajista, ba komai sai hoton ido. Na tambayi sauran ƙawayen, biyu sun duba nasu, haka suka tarar.

Na tura wa matar hotunan. Amsarta ta farko: "Haba Anti, ai mutum nawa suka saya ba wanda ya yi ƙorafi, ƙila ba ta wanke hannu ba ne." Da na ambaci takardar da aka liƙa, sai shiru. Bayan awa guda ta toshe ni ta ko'ina.

Gaskiya ita ce, ko da kayan matar nan masu kyau ne, mu ma mun yi ganganci, kuma rashin sani ne ya ja mana. Mun ɗauki lens kamar janbaki ko gashin ido na kanti. Alhali tantanin nan ba shi da jijiyoyin jini, daga iskar waje yake shaƙa ta cikin hawaye. Duk abin da ka ɗora masa yana rage masa iska, idan kuma aka rufe ido aka yi barci da shi, abin ya ninka. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da lens yana ƙara haɗarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8. Akwai ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas da ke iya lalata tantanin cikin kwana biyu zuwa uku. Zancen girma ɗaya yana shiga kowane ido kuma ƙarya ce tsagwaronta. Kowane lens na gaskiya yana da lambar lanƙwasa da lambar faɗinsa a jikin kwalinsa, za ku ga irin su 8.6 da 14.2, kuma sai an auna ido ake sanin wanda ya dace. Wanda ya matse yana kama ido, wanda ya yi sako-sako yana gurzar sa. Shi ya sa tun 2005 dokar Amurka ta sa hatta na ado cikin kayan asibiti, ba a sayarwa sai da takardar likita. A nan ma muna da NAFDAC mai kula da irin waɗannan kaya, da hukumar ODORBN da aka kafa a 1989 don yi wa masu auna ido rajista. Mai sayar da turare da atamfa a sitatus ba ta cikinsu.

Batun ruwa shi ya fi ba ni tsoro. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ce da ruwan wankinta ya ƙare, ruwan leda ta zuba a mazubin, wai ai mai tsabta ne. Mai tsabta ne don sha. A ruwan famfo da na rijiya akwai wata halitta, Acanthamoeba, wadda in ta maƙale tsakanin lens da ido sai a yi watanni ana magani, wani lokacin ma a rasa ganin. Kada ruwa kowane iri ya taɓa lens, balle yawu. Mai sawa ta cire kafin wanka, kuma ta yi tunanin yadda za ta yi da alwala tun kafin ta fita da shi wuni guda. Ruwan da ya kwana a mazubi a zubar a sa sabo, ba a ƙara wani a kansa, mazubin kuma a canja shi duk wata uku. Da hunturu ga ƙura ga bushewar ido, abin sai ya fi haka wuya.

Sai masu kwalliya. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah. Amma na ji da kunnena wata tana cewa tana da lens na haya, a sa wa amarya a yi hoto a dawo mata da shi. Abin da ya kwana a idon wata, shi za a ɗauko a sa miki ranar aurenki. In mai kwalliya ta fito da lens daga jakarta ba a rufe cikin kwalinsa ba, ki ce kin gode.

Wadda ta riga ta saya, ta sa farce ta gwada takardar jikin kwalbar, ta juya murfin ta gani. In kin sa kika ji zafi, ko ido ya yi ja, ko haske ya dame ki, ko gani ya dushe, ki cire nan take ki tafi asibitin ido a ranar, da lens ɗin da mazubinsa a hannu. Ban da kemis, ban da ruwan sukari, ban da nonon mai shayarwa. Ki adana shaidar tura kuɗi da hirarku, da su ake kai ƙara NAFDAC ko FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya.

Gyambon ƙanwata ya warke, alhamdulillahi, amma ya bar hakiya a gefen tsakiyar idon. Da dare fitilun mota tarwatsewa suke yi mata, ta daina tuƙi bayan magariba. Likita ya ce da tabon ya faɗa tsakiya sosai, sai dai a yi maganar dashen tantani, wanda samunsa a ƙasar nan ba ƙaramin aiki ba ne. Wata mai zuwa za mu koma a sake dubawa.

Shekaranjiya wata maƙwabciyarmu ta nuna min sitatus ɗin matar a wayarta. Sabon suna, hotunan nan dai, har da bidiyon kwalayen. Ta rubuta cewa akwai ragi ga ƙawayen amarya in sun kai mutum biyar.