Peerless Magnarc: fitilar gawayi da ke son mai kula

Duk wanda ke neman fitilar da za ta haska tsohon fim mai faɗin milimita 35 da irin hasken da aka shirya shi dominsa, ya duba Peerless Magnarc, fitilar majigin sinima wadda kamfanin J. E. McAuley na Chicago ya fara ƙerawa a shekarun 1930. Ba ta da ƙwan lantarki. Sandunan gawayi biyu ne masu rigar jan ƙarfe ke fuskantar juna, lantarkin DC, wato mai bin hanya ɗaya kawai, na tsallake ratar da ke tsakaninsu.

Sandar fozitif mai kaurin milimita 8 da negatif mai milimita 7 suna son amfiya 60 zuwa 70. In za a kunna, a haɗa bakinsu, a raba nan take, a bar ratar kamar milimita 6. Wani ɗan rami mai farin zafi ke fitowa a bakin fozitif, shi ne uwar hasken, madubi mai inci 14 kuma ya tattara shi zuwa tagar fim, wato 'yar kafar da fim ke wucewa ta gabanta. Maganaɗisu ke riƙe harshen wutar kada ya yi yawo.

Farin haskenta abin so ne, fatar mutum na fitowa da rai a allo. Amma sai da ido a kai. Akwai ƙaramin inji mai tura sandunan yayin da suke cinyewa, sai dai ba kullum yake daidai ba. In ramin ya ja baya daga madubi, allo ya yi shuɗi-shuɗi. In ya matso da yawa, ya koma ruwan ƙasa. Faifan fim mai tsawon ƙafa 2,000 minti 20 da 'yan kai yake ci, don haka a auna sanda kafin a kunna, guntuwa ba za ta kai ƙarshe ba.

Gawayin da ya sha raɓa tartsatsi yake yi, a ajiye shi a busasshen wuri. Narkakken jan ƙarfe na ɗiga, toka na dusashe madubi, sai an goge kullum bayan ya huce. Bututun fitar da hayaƙi dole ne. Kada a buɗe marfin da ke tare hasken alhali fim na tsaye, zai ƙone cikin ƙiftawar ido, balle tsohon fim na naitiret mai kamawa kamar fetur.

Babbar wahalarta yau ita ce samun sandunan, tunda fitilar zenon, mai ƙwan da aka cika da iskar gas, ta kore ta daga gidajen sinima.