Kafin Ka Tura Kafin Alƙalami Chaina, Tantance Mai Kayan

'Yan kasuwar Sabon Gari da PZ a Zariya da dama yanzu a waya suke saro kaya, daga kayan gyaran salula zuwa fitilun sola da keken ɗinki. Abin da ke hana su barci ɗaya ne: wancan da ke ba ni farashi a Alibaba, shafin saro kaya daga Chaina, kamfani ne na gaske ko ɗan damfara? Hanyoyin tantancewa suna da yawa, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Tambarin Gold Supplier kuɗin rajista ne mai kaya ya biya, kada ya ruɗe ka. A 2011 shugaban Alibaba.com na lokacin, David Wei, ya ajiye aiki bayan an gano sama da 2,000 masu wannan tambari sun cuci masu saye. Verified Supplier ya fi shi nauyi, domin kamfanonin bincike irin su SGS da TÜV Rheinland sun je sun ga wurin da idonsu, sai dai hakan bai tabbatar da cewa wanda ke maka magana ma'aikacinsu ba ne. Shafin saro kaya na 1688 kuwa na 'yan cikin Chaina ne, da Sinanci, in ba ka da wakili a can ka bar shi.

Ni abin da na fi yarda da shi, lasisin kasuwanci da sunan asusun banki. Duk kamfanin da ke da rajista a Chaina yana da lamba mai haruffa da alƙaluma 18 a jikin lasisinsa. Ka ce ya turo maka hotonsa, ka kwafi sunan da rubutun Sinanci, domin shi ne sunan da hukuma ta sani, na Turancin ado ne kawai. Sai ka duba a shafin gwamnatinsu, gsxt.gov.cn. A nan za ka ga shekarar rajista, da ko kamfanin yana raye, da irin aikin da aka ba shi izini: ƙera kaya yake yi ko dillanci. Dillali ba laifi ba ne, amma wanda ya ce masana'anta gare shi alhali lasisinsa na saye da sayarwa ne, ya fara da ƙarya. Daga nan ka gwada da sunan asusun da ya ba ka. In sun saɓa, Alhaji, riƙe kuɗinka. In sun dace, ka biya ta Trade Assurance, tsarin kare kuɗin mai saye a cikin Alibaba, ka sa a rubuta inganci, girma, adadi da ranar lodi dalla-dalla, domin abin da aka rubuta kaɗai za a duba ranar rigima. Ni kaina wani kamfani ya taɓa aiko mini da samfur mai kyau, da kayan suka iso Zariya sai ga jabu, kuma rubutun nan ne ya tsaya mini. Ƙorafi yana da wa'adi, ga hanya daga Apapa da nisa, don haka ranar da kaya suka iso hannunka ka buɗe kwali kana ɗaukar bidiyo.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Za a ce ka dawo WhatsApp ko WeChat a yi maka ragi in ka biya a waje. Da ka fita, kariyar ta ƙare. Za ka ga saƙon imel cewa an canja asusu saboda ana binciken haraji, alhali ɓarayi ne suka kutsa akwatin kamfanin. Kira lambar da ka saba kira ka ji daga bakinsu. Asusun mutum ɗaya, ko Western Union, kada ka ko saurara. Wayar Samsung a rabin kuɗinta ba ta wanzu. Har wakilai 'yan uwanmu da ke Guangzhou da Yiwu, akwai masu amana sosai, akwai masu cin la'ada ta fuska biyu, don haka nemi wanda wani ɗan kasuwa da ka sani a nan gida ya taɓa karɓar kaya ta hannunsa.

Kafin kuɗi su fita, nemi kiran bidiyo kai tsaye. Ya taka zuwa bakin ƙofa ka ga allon sunan kamfani, ya shiga inda injuna ke aiki, ya ɗaga kayanka ka gani. Sannan ka tambaye shi ko ya taɓa turo kaya Najeriya da takardar SONCAP, shaidar ingancin kaya ta hukumar SON, ya nuna maka kwafin tsohuwa.