Layin Sukhumvit ko na Silom: wanne ya fi nuna Bankok ga mai wuni ɗaya?

Malam, ka ce za ka yada zango a Bankok, babban birnin Tailan, kana da wuni ɗaya tak kafin jirginka ya tashi, kuma kana so ka ga unguwannin birnin daga cikin jirgin ƙasan nan mai tafiya a bisa gada, wanda suke kira BTS. Tambayarka ita ce wanne za ka hau tsakanin layin Sukhumvit da layin Silom. Na hau su duka biyun ba sau ɗaya ba, kuma ra'ayina shi ne, idan kashe ƙwarƙwatar ido ce ta kai ka, Silom ya fi dacewa da kai. Idan kuwa sayayya da neman abinci ne a gabanka, Sukhumvit ba shi da na biyu.

An buɗe layukan biyu rana ɗaya, 5 ga Disamba 1999, a lokacin da cunkoson motoci ya sa tafiyar da ba ta wuce ta minti goma ba takan cinye wa mutum awa guda. Daga nan kowanne ya kama gabansa. Sukhumvit, wanda ake nuna shi a taswira da kore mai haske, ya yi ta miƙewa har ya kai Khu Khot ta arewa a shekarar 2020, ya kuma kai Kheha ta kudu maso gabas, ya zama yana da tasha 47 a tsawon da ya haura kilomita 50. Silom, mai kore shar, ya tsaya a tasha 14 cikin kimanin kilomita 14, daga National Stadium zuwa Bang Wa. Wanda ya hau Silom daga farkonsa zuwa ƙarshensa zai sauka cikin kusan rabin awa, amma wanda ya ce sai ya ga ƙarshen Sukhumvit zai shafe fiye da awa guda a zaune, sannan ga ta dawowa. Layukan suna haɗuwa a tasha ɗaya kawai, wato Siam, inda aka yi dandamali hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, don mutum ya sauka daga wannan jirgi ya shiga wancan ba tare da ya fita daga tasha ba.

Abin da ya sa na fifita Silom shi ne, duk da gajartarsa, ba ya barin ido ya gaji da abu iri ɗaya, domin yana ta karya kwana ne yana ratsa sassan birni da ba su yi kama da juna ba. Da ka bar Siam jirgin zai juya kudu ya bi titin Ratchadamri, kuma idan kana kallon tagar hannun dama, sai ka ga filin sukuwar dawaki na Royal Bangkok Sports Club shimfiɗe, kore shar, dogayen gine-gine sun yi masa ƙawanya. Mai tafiya a ƙasa ba ya ganin wannan fili sam, saboda katanga da itatuwa sun tsare shi, kuma irin wannan ne amfanin hawa jirgin da ke sama da kan motoci. Kafin ka gama kallonsa, lambun Lumphini ya bayyana ta hagu. Daga Sala Daeng sai unguwar bankuna da ofisoshi, inda ginin Mahanakhon mai tsawon mita 314 yake tsaye a gefen tashar Chong Nonsi, jikinsa kamar an ɓanɓare masa bulo-bulo an nannaɗe shi da gurbinsu. An kammala shi a 2016, kuma ana hawa ƙololuwarsa da tikiti.

Sai kuma kogi, wanda shi ne babban dalilina. Tashar Saphan Taksin tana bakin kogin Chao Phraya, kuma da jirgin ya tashi daga nan sai ya hau gada ya tsallaka zuwa ɓangaren Thonburi, a layin da aka ƙara a 2009. Tsallakawar ba ta kai minti biyu ba, amma a cikinta za ka ga ruwan kogin ja-ja da laka, ƙaramin jirgin ruwa yana jan manyan kwale-kwalen kaya uku ko huɗu a ɗaure da juna, jiragen fasinja suna yanka ta gabansu, manyan otal-otal kuma sun jeru a gaɓa. Ranar da na fara bin wurin, sai da na sauka a tasha ta gaba na koma baya don in sake gani. Abu ɗaya da za ka kula da shi a Saphan Taksin: lokacin da na je, dogo ɗaya ne a tashar, jirgi mai zuwa da mai komawa suna tsayawa a dandamali ɗaya bi da bi, saboda haka ka karanta allon da ke nuna inda jirgin ya nufa kafin ka sa ƙafa.

Sukhumvit kuwa dogon zare ne. Daga Phloen Chit zuwa gabas yana bin titi ɗaya miƙe, gine-gine sun matse shi hagu da dama, har abin da taga take nuna maka yakan zama allunan talla da barandun gidajen haya da rufin tashoshi. Daɗinsa ba a cikin jirgi yake ba, a ƙasa yake, domin kusan kowace tasha ƙofar wata unguwa ce mai halinta. A Chit Lom akwai katafaren kantin CentralWorld da wurin bautar Erawan, wanda aka kafa a 1956, kuma daga nan ana takawa da ƙafa zuwa kasuwar tufafi ta Pratunam, inda 'yan sari suke cika buhuna. A Nana, lungunan da suke kira Soi 3 da Soi 3/1 cike suke da gidajen abincin Larabawa da shagunan turare, rubutun Larabci a kan alluna ya kusa rinjayar na Tailan, kuma mai neman abincin halal ba zai sha wahala ba. Gaskiya ita ce sashen unguwar na ɗaya gefen titi wurin shaye-shaye ne da dare, don haka da rana ya fi kyau a je. Asok na da kantin Terminal 21 da mahaɗar jirgin ƙarƙashin ƙasa, Phrom Phong unguwa ce da Japanawa suka yi yawa, Ekkamai kuma nan ne tashar motocin da ke zuwa garin Pattaya na bakin teku.

Ta ɓangaren arewa ne Sukhumvit yake da abin kallo daga taga. A Victory Monument dogon yana lanƙwasawa ya zagaya hasumiyar da aka gina a 1941, kana daga sama kana kallon shataletalen da motocin bas suka cika maƙil, fasinjoji suna tururuwa a gadojin ƙafa. Idan ka zarce zuwa Mo Chit ka isa kasuwar Chatuchak, mai rumfuna dubbai, wadda take ci sosai ranar Asabar da Lahadi. A nan ne ranar zuwanka za ta iya sauya shawarata: idan wuninka ya faɗo ƙarshen mako, kuma kai mai son kasuwa ne, Chatuchak kaɗai ta isa ta cinye maka rabin wuni. Tashar Phaya Thai ma a wannan layi take, kuma nan ne jirgin da ke fitowa daga filin jirgin sama na Suvarnabhumi yake ajiye mutane, saboda haka da wuya ka shigo gari ba ka taɓa Sukhumvit ba, ko da tasha biyu ce zuwa Siam. Ƙarshen layin na kudu ban ba ka shawarar ka bi shi ba a wuni ɗaya, duk da cewa akwai gunkin giwa mai kai uku na gidan tarihin Erawan da ake hangowa daga jirgi.

Akwai gazawar da layukan biyu suka yi tarayya a cikinta, kuma gara ka san ta tun yanzu: babu wanda ya shiga tsohon gari. Fadar Sarki, wadda aka soma ginawa a 1782, da wurin bautar Wat Pho mai kwantaccen gunkin Buda na mita 46, da wurin bautar Wat Arun, duk suna wajen da BTS bai kai ba. To a nan ma Silom ne yake da mafita, domin a ƙarƙashin tashar Saphan Taksin akwai matsayar jiragen ruwa ta Sathorn, inda za ka sauka daga jirgin ƙasa ka shiga na ruwa ya haura da kai kogi har gaɓar waɗannan wurare. Mai bin Sukhumvit dole ne ya sauya zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa a Asok ya nufi tashar Sanam Chai, wadda aka buɗe a 2019, kuma duk tsawon wannan tafiya bango kawai zai gani.

Wajen sallah, kowane layi yana da abin da zai ba ka. Daga Saphan Taksin ana tafiya da ƙafa ta titin Charoen Krung zuwa masallacin Haroon, tsohon masallaci a cikin wata ƙaramar unguwar Musulmi mai ƙunƙuntattun lunguna. A ɗaya ƙarshen Silom, kusa da National Stadium, akwai gidan Jim Thompson, Ba'amurken da ya farfaɗo da cinikin silikin Tailan kafin ya ɓace a Maleshiya a 1967, kuma a tsallaken magudanar ruwan da ke bayan gidan ne unguwar Ban Khrua take, ta Musulmi 'yan ƙabilar Cham waɗanda suka riƙa saƙa masa silikin. Na fi jin wannan unguwa a raina fiye da gidan tarihin kansa, domin mutane ne da suke zaune a wurinsu tun kafin a yi dogayen gine-ginen da suka kewaye su. A Sukhumvit kuwa akwai masallacin Darul Aman, ba nisa da tashar Ratchathewi.

Game da cikin jirgin, babu bambanci tsakaninsu sai ta fuskar cunkoso, wanda ya fi tsanani a Sukhumvit tsakanin Siam da Asok da safe da kuma lokacin tashi daga aiki. Yawancin taragun an lulluɓe su da hoton talla har kan gilashi, mai ƙananan huji-huji, ta yadda na ciki yana gani amma dishi-dishi. Idan kana son kallo sosai, ka matsa dab da gilashin ƙofa, domin idan ido ya kusanci hujojin sai hoton waje ya fito. Ba a ci ba a sha bayan an wuce shinge, kuma masu gadi sukan busa usur ga duk wanda ya taka layin ruwan ɗorawa a bakin dandamali. Da ƙarfe takwas na safe da shida na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi, mutane su tsaya cik a inda suke har a gama, kai ma sai ka tsaya tare da su. Tun da za ka yi ta hawa da sauka, ka sayi tikitin wuni, wanda na saya baht 150 a kuɗin Tailan, yana aiki a layukan biyu, amma ba ya aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa ko na ruwa.

Da ni ne kai, da sassafe zan kama Silom daga Siam, in tsallaka kogi har tashar Wongwian Yai in juyo, in sauka a Saphan Taksin in bi ruwa zuwa tsohon gari kafin rana ta take. Bayan azahar sai in dawo Siam in sauya zuwa Sukhumvit, in ci abinci a Nana, in ƙarasa da Pratunam. Jiragen suna aiki daga wajen ƙarfe shida na safe zuwa tsakar dare, amma ka bar wa kanka isasshen lokaci ka koma Phaya Thai kafin cunkoson yamma ya kama, musamman idan kana ɗauke da kaya.