Hattara da mai sayar da furannin nan, ta cinye min naira 185,000

Yau kwana tara ina rubuta wannan ina gogewa, don wallahi kunya ta hana ni. Amma ɗazu na ga ta canja sunan shafinta na Instagram, hotunan dai su ne, har wata baiwar Allah tana tambayarta farashi. Sai na ce a'a, gara a yi min dariya.

Naira 185,000. Ba tsintar su na yi ba, kuɗin adashina ne.

Ƙanwata ce za ta yi aure, autarmu, ƙawayenta suka shirya mata ɗan zaman nan da 'yan mata ke kira shawa, kafin kamu. Na ce a yi a falona, ado kuma a bar min. Ni na ƙi furen roba. Na ce auta guda ce, ɗanyen fure nake so, mai ƙamshi, in jera da hannuna. Har kwalabe goma sha biyu na tara na wanke, na sayi soson nan kore da ake jiƙawa a soka fure a ciki.

Kafin wani ya ce min sakarci ne, ku saurara. Na yi kasuwancin atamfa ta waya shekara shida, na san masu cuta, na sha kama masu turo shaidar biyan kuɗi ta bogi. Matar nan ba haka ta zo min ba. Da na tura mata hoton irin wanda nake so, wasu manyan furanni masu kamar dunƙulen auduga, sai ta yi min saƙon murya. Ta ce, “Hajiyata, kar ki ɓata kuɗinki a wannan, zafin Kano ba zai bar shi ya kai la'asar ba. Ki ɗauki wardi kawai, ya fi juriya kuma ya fi sauƙi.” Ta rage min kusan dubu hamsin da bakinta. Don Allah ku gaya min, wace ɓarauniya ce ke hana ka ba ta kuɗi? Nan ta kama ni. Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin tun daga ranar, ina neman inda muryarta ta yi rawa. Babu.

Kuma ta san aikin, ko ta haddace shi. Ta ce idan kayan sun iso in yanke gindin kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi don ya sha ruwa sosai, in cire duk ganyen da zai nutse don shi ke ruɓar da ruwa, in bar su a bokiti cikin ɗaki mai sanyi su kwana kafin in jera. Ta ce kar in ajiye su kusa da ayaba ko mangwaro nunannu, iskar da suke fitarwa tana sa fure ya zube da wuri. Na bincika, duk gaskiya ne. Ta ce farare daga Jos take yankowa, jajayen kuma na Kenya ne, daga gonakin bakin tafkin Naivasha ake sauke su ta jirgi. Wannan ma kowa a harkar ya san ana noman fure a Jos saboda sanyinta, kuma Kenya na fitar da wardi duniya. To ta ina zan gane?

Na tura 120,000 ranar Litinin. A'a, Lahadi da dare ne, don ina tuna maigida yana gefe yana cewa in bari sai da safe. Ban bari ba. Sunan da ya fito a asusun na namiji ne, ba sunan shafin ba. Na tambaya, kar ku ce ban tambaya ba. Ta ce na maigidanta ne, nata ya cika ba ya karɓar kuɗi masu yawa. Ta haɗa da “wallahi Hajiyata amana ce tsakaninmu”. Hajiyata. Kalmar nan yanzu ko a kasuwa na ji ta sai gabana ya faɗi.

Ranar taron na tura yaron gidanmu tashar Unguwa Uku tun ƙarfe bakwai, ya zauna har azahar yana leƙa kowace motar Jos. Amma kafin nan, ranar Alhamis, ta riga ta karɓi 40,000 wai na akwatin ƙanƙara da kuɗin mota. Sannan 25,000 na ƙarshe da safiyar Asabar ɗin, wai mota ta lalace a dajin Falgore, direba zai sauya wa kayan mota. Har hoton kwali ta turo min a bakin titi. Wannan 25,000 ɗin ita ta fi ci min rai, don lokacin zuciyata ta riga ta gaya min, hannuna ne ya ƙi ji. Kana ganin 160,000 ta tafi, sai ka ce bari in ƙara wannan ko ta dawo. Jimilla 185,000. Ƙarfe ɗaya da kwata ta toshe ni, lambar direban kuma a kashe, dama ban taɓa jin muryarsa ba.

Baƙi ƙarfe huɗu. Bokitai biyar cike da ruwa a ɗakina, na kunna musu na'urar sanyaya ɗaki tun asuba, ina sanyaya ruwan banza. Umma ta leƙo ta ce, “Ina furannin naki?” Na rasa bakin magana. Ƙarshe dai Sabon Gari muka aika aka sayo na robar da na raina, na soka su a kwalaben ina share hawaye da gefen mayafi. Auta ta rungume ni ta ce, “Yaya, wallahi sun yi kyau.” Wannan ya fi min zagi ciwo.

Na kai ƙorafi banki ranar Litinin, sun ba ni takarda na cike, sun ce da na zo da wuri. Ina da komai: hirarmu, saƙonnin muryarta, shaidar tura kuɗi uku, tsohon sunan shafin da sabon. Zan ɗora su da zarar na rufe lambata a jiki. Hoton kwalin nan ma ashe na wata mai sana'a ce a Legas, tun bara ta saka shi.

Ku dai kar ku biya duka kafin kaya su zo. Sunan asusu ya bambanta da na mai kaya, ku tsaya. Ku ce a nuna muku furen ta kiran bidiyo.

Ni ban nemi bidiyon ba. Na yi niyya, har na rubuta, sai na goge don kar ta ga kamar ina zarginta bayan ta rage min dubu hamsin. Soson nan kore yana nan cikin ledarsa a kan firij, ko buɗe shi ban yi ba, kuma maigida har yau bai ce min komai ba, kallonsa kawai yake yi in ya zo shan ruwa.