Ɗakin kyauta a Agege da daren da kwata ta toshe

Wata bakwai na yi a tsarin nan na "yi mana aiki mu ba ka ɗaki", a wani ɗan layi mai gida goma sha ɗaya kusa da Zangon Agege. Wanda ya taɓa neman ɗaki a Legas ya san zancen: kuɗin shekara, kuɗin ejan, kuɗin yarjejeniya, har ka ji gara ka koma Katsina. Shi ya sa da wani ɗan garinmu ya haɗa ni da ciyaman ɗin layin ban yi wata-wata ba. Awa uku a rana aka ce. In kunna injin burtsatse, in share layi, in fito da shara ranar da motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, za ta zo. Sauran yinin ina kan kekena na ɗinki wajen unguwar Pen Cinema, nan Agege.

Lafiya lau muke har wani daren Yuli da sama ta ɓalle. Ledojin fiya wata da robobin lemo suka toshe kwata, ruwa ya doshi gidan da ke gangare. Ƙarfe biyu ciyaman ya dinga dukan ƙofata: "Malam, fito, fito!" Ba takalmin ruwa, ba safar hannu, shebur kuwa ƙotarsa ta karye tun watan Mayu, sau uku ina faɗa masa. Haka na shiga da silifas, ƙazanta har gwiwa, ina yashewa da hannu, shi yana tsaye ƙarƙashin lema yana haska min da waya. Fasasshiyar kwalba ta tsarge min tafin ƙafa. Sai da aka yi kiran assalatu ruwan ya samu hanya. Gari na wayewa, a gaban jama'a, mutumin nan ya ce ai sakacina ne.

Da ba don Iya mai gidan gangaren ba da ranar na tattara. Ita ta kai ni aka wanke ciwon aka yi min allura, mako guda tana aiko min da amala da miyar ewedu. Wallahi har na ce zan yafe komai, layin akwai mutanen kirki.

Amma da na tuna batun fetur sai raina ya sake ɓaci. Tun cire tallafi a 2023 kowa ke ƙirga lita, na sani. To sau biyu aka ɗauke wuta, tanki ya ƙafe, na sayi man janareta da kuɗin ɗinkina, aka ce za a biya ni in an tara kuɗin wata. Har yau shiru.

Ɗakin dai ba ya yoyo, wannan na yaba. Ranar da na miƙa makulli, shebur ɗin na nan jingine bayan tanki, ba ƙota.