Tsakanin Charles Addams da Joan Cornellà: ina abin dariyar yake?

Wani ɗan'uwa ya ce ya ga zane-zanen Joan Cornellà a Facebook, inda mutane ke yaƙe haƙora alhali ana aikata ta'asa, sai aka gaya masa ai irin na Charles Addams ne. Tambayarsa ita ce: shin da gaske abu ɗaya ne, kuma mene ne abin dariya a ciki? Malam, dukansu biyu suna wasa da mutuwa da ƙeta, amma hanyoyinsu sun rabu tun daga tushe.

Addams Ba'amurke ne, an haife shi a 1912, ya rasu a 1988, kuma mafi yawan aikinsa ya fito ne a mujallar The New Yorker, inda iyalin nan masu kama da fatalwa da ya ƙirƙira, waɗanda aka fi sani da The Addams Family, suka fara bayyana a 1938. Hoto ɗaya yake zanawa, galibi baƙi da fari, wani lokaci ko kalma ɗaya babu a ƙasa. A wani zanensa na 1946, masu waƙar Kirsimeti sun taru a ƙofar wani tsohon gida suna rerawa da zuciya ɗaya, can bisa rufin kuwa mutanen gidan sun karkato wata ƙatuwar tukunya mai tafasa daidai saitin kawunansu. Babu wanda ya ƙone a cikin hoton, babu kururuwa, domin mai zanen ya tsaya ne ana saura ƙiris abin ya auku. Kai mai kallo ne za ka ƙarasa mugun aikin a zuciyarka, kuma a daidai lokacin da ka ƙarasa shi dariyar take suɓuce maka, sai kunya ta biyo baya. Haka yake a zanensa na 1940, inda sawun mai zamiya a kan ƙanƙara ya rabu biyu, ɗaya ya bi dama da bishiya ɗaya ya bi hagu, mai sawun kuma ya wuce lafiya lau ba tare da an yi maka bayani ba.

Cornellà ɗan Barcelona ne a ƙasar Sifaniya, haihuwar 1981, kuma intanet ce ta yaɗa sunansa, musamman daga 2013 da ya fitar da tarin zanensa mai suna Mox Nox. Shi yakan raba shafi gida shida, babu magana ko ɗaya, da launuka masu haske irin na tsofaffin tallace-tallace. Abin da Addams ya sakaya, shi a fili yake ajiye shi: jini, yankakken hannu, gawa. Sai dai barkwancin yana kan fuskokin mutanen ne, masu ƙananan baƙaƙen idanu da murmushin da ba ya gushewa komai ya faru. Shahararren hotonsa shi ne na mutumin da ya ɗaga sandar ɗaukar hoton kai, amma maimakon waya bindiga ce a bakin sandar tana kallonsa, shi kuwa yana ta fara'a. Wannan murmushi ne da ya fi kuka ciwo, domin duk wanda ya taɓa ganin jama'a sun zagaye hatsarin mota da wayoyi a hannu ya san da wa ake.

A ganina aikin Addams ya fi daɗewa a rai, saboda ya yarda da basirar mai kallo, kuma mutanensa duk da muguntarsu suna ƙaunar junansu, har ka kan ji ka saba da su. Cornellà ya fi zafi, ya kuma fi dacewa da zamanin da kowa ke neman a gan shi, amma idan ka kalli shafukansa da yawa a jere firgicin yakan dusashe, tunda ka riga ka san inda gida na shida zai kai ka.

Shawarata ita ce ka fara da Addams, sannan ka koma wa Cornellà kaɗan-kaɗan, kana duban fuskokin kafin raunukan. Kada kuma ka buɗe nasa a gaban yara, domin akwai tsiraici da zubar da jini a cikin da yawa daga cikinsu.