Digitakt ko TR-8S: wanne ya fi sauƙin ajiyar sauti?

Dukansu biyu injinan haɗa kiɗan ganga ne. Roland TR-8S, da ya fito a 2018, katin SD yake ci. Ka zuba gutsattsarin sautinka a katin daga kwamfuta, ka soka, ka shigo da su, ka jera a rukunin ganguna. Sautin 808 da 909, tsofaffin injinan ganga na Roland, kuwa suna ciki tun daga kamfani. Amma injin ba ya naɗar sauti da kansa.

Elektron Digitakt na 2017 ba shi da ramin kati sam. Ko dai ka tura ta wayar USB da manhajar Transfer, ko ka naɗa kai tsaye. Nan ya burge ni: ka naɗi bugun kalangu guda, ka datse, ka sauke muryarsa, shi ke nan. Rumbunsa gigabait 1 ne, sai dai kowane aikin kiɗa da ka buɗe megabait 64 da gurbin sauti 127 kawai yake ɗauka. Kuma a kula, in ka sauya abin da ke gurbi na 12, duk kiɗan da ke jan gurbin zai sauya murya. Na taɓa ƙonewa da wannan.

Mai wasan dandali ya ɗauki Roland. Ni dai Digitakt ne a teburina.